Ruwan da ke ɓoye cikin alif

Da damina ruwan Gulbin Maraɗi yakan yi jajawur da laka. A Tibiri da Jiratawa, idan mata sun ɗebo irin wannan ruwa, sukan kaɗa ɗan gutsuren alif cikin randa. Jim kaɗan sai laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Amma alif ba ya kashe ƙwayoyin cuta, sai an tafasa ruwan kafin a sha.

Alif busasshe ne, yana ƙyalli kamar ƙanƙara. Ko an daka shi a turmi, ba a ganin ko ɗigo guda. Duk da haka akwai ruwa cikinsa.

Ga yadda ake ganewa. A sa gutsuren alif cikin gwangwani, a aza bisa garwashi. Da zafi ya kai digiri 92, sai alif ya narke, alhali ba a zuba masa kome ba. Can ya soma kumfa, tururi yana tashi. In aka tara faranti mai sanyi a sama, za a ga ɗigon ruwa a jikinsa. Abin da ya rage cikin gwangwani fari ne fat, marar nauyi. Giram 100 na alif yakan koma wajen giram 55. Kusan rabinsa ruwa ne ke nan!

Masana sun gano kowace ƙwayar alif tana riƙe da ƙwayoyin ruwa 12. Shi ake kira ɗaurarren ruwa. Kanwa ma tana da nata.

Tambayoyi
1. Ina ruwan da ke jikin faranti ya fito?
2. Don me nauyin alif ya ragu?