Yadda Ake Sa Karatu Ya Zauna a Ka

Ɗalibi zai kwana yana bin littafi da ido, yana ja wa kalmomi layi da biro, har ladan ya kira assalatu. Da ya zauna a ɗakin jarrabawa, sai ya ji kansa fayau. Sau da yawa laifin na hanyar karatun ne. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun gano yadda abu ke shiga, yadda yake zama, da yadda ake ciro shi. Ga yadda za ka ci moriyar binciken nasu.

1. Ka ɗauki kaɗan, da cikakken hankali

A shekarar 1953, wani likita a Amurka, William Scoville, ya yi wa Henry Molaison, ɗan shekara 27, tiyata saboda farfaɗiya. Ya cire masa mafi yawan wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfus, dama da hagu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar sabon abu ya daina zama masa. Yana tuna yarintarsa, amma wanda suka gaisa da shi ɗazu, in ya fita ya dawo, baƙo ne. Haka ya rayu har 2008. Daga nan aka fahimci cewa ta wannan sashe sabon abu ke bi kafin ya samu wurin zama. Abin da hankali bai tsaya a kai ba kuwa, da wuya ya kai can. Don haka ka kai waya wani ɗaki, ka raba darasin gida-gida, ka fara da sakin layi ɗaya ko biyu.

2. Ka ɗaura sabo a jikin tsoho

Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma tunawa tana zaune ne a mahaɗar da ke tsakaninsu. Duk abin da ka haɗa da wani abin da ka riga ka sani, ka ƙara masa hanyar da za a bi a iske shi. In kana karanta yadda zuciya ke harba jini, ka kawo injin ban-ruwa na fadama a ranka. Ka tambayi kanka: me ya sa haka? Da me ya yi kama?

3. Ka rufe littafin

Nan ne ƙashin bayan aikin. Bayan ka karanta, ka kife littafin, ka ɗauki farar takarda, ka rubuta duk abin da ka iya tunowa. Za ka ji nauyi, kuma nauyin nan shi ake nema, domin duk lokacin da ka ciro abu da kanka, hanyarsa tana ƙara faɗi, kamar turbar da ƙafa ke yawan bi.

A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada haka. Wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta sau ɗaya, sannan suka yi ta ƙoƙarin tuno shi. Bayan mako guda, masu tunowa sun riƙe kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita karatu kashi 40. Malaman tsangaya sun daɗe a kan wannan: almajiri ba ya wanke allo sai ya juya shi ya kawo haddarsa da ka.

4. Ka duba, ka gyara nan take

Ka buɗe littafin ka gwada da takardarka. Inda ka yi kuskure, ka gyara a lokacin, ka sake rufewa ka faɗa daidai. Kuskuren da aka maimaita shi ma zama yake yi daram.

5. Ka ba da tazara

Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, sannan ta rage sauri. Shi kuwa Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya nuna cewa tunawa mai ɗorewa tana buƙatar ƙwayoyin jijiya su ƙera sabon furotin, su tsiro da sababbin mahaɗai. Wannan gini ne, gini kuwa yana son lokaci. Ka yi bita gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

6. Ka yi barci

A 1994, Matthew Wilson da Bruce McNaughton sun lura cewa ƙwayoyin hifokamfus ɗin ɓera da suka yi aiki tare yana yawo, sukan sake yin aiki tare yana barci. Ke nan ƙwaƙwalwa tana nata bitar da dare. Wanda ya kwana karatu ya hana ta wannan aikin. Ka yi bita bayan isha'i, ka kwanta da wuri. Bayan sallar asuba, kafin hannunka ya kai ga littafi, ka fara jawo abin da ka kwana da shi. Inda ka maƙale, nan karatunka na yau zai fara.