Na'ura Mai Ganin Zafi: Amfaninta da Kuɗinta

Jama'ar Yauri da sauran garuruwan ƙasar Matamaye ba su manta da shekarar 2020 ba. A watan Maris na shekarar ne cutar korona ta shigo Nijar. A lokacin, ma'aikatan lafiya suna ɗauke da wani ƙaramin abu mai kama da bindiga. Sai su nuna shi a goshin mutum, su karanta zafin jikinsa, ba tare da sun taɓa shi ba. Wannan abu yana da babbar ya. Ita ce na'ura mai ɗaukar hoton zafi. A kanta darasin yau yake.

Yaya take aiki?

Kowa ya san wanda ya zauna kusa da wuta yana jin ɗumi ko bai taɓa ta ba. Haka katangar da ta sha rana take fitar da ɗumi bayan magariba. Mutum, da saniya, da dutse, duk suna fitar da wani haske na zafi wanda ido ba ya gani. Wani masani a Ingila mai suna William Herschel ne ya gano wannan haske a shekarar 1800. Amma mesa ta riga shi sani. Tana da ƙananan ramuka a leɓenta, da su take jin ɗumin abin farauta cikin duhu.

Na'urar tana kama wannan haske, ta mai da shi hoto. A yawancinsu, wuri mai zafi yakan fito fari ko rawaya ko ja. Wuri mai sanyi yakan fito shuɗi ko baƙi. Ba ta bukatar fitila.

Ina amfaninta a karkara?

Na farko, kayan sola. Yanzu akwai masu cajin waya da masu ban ruwa a garka da hasken rana. In kashin tsuntsu ko ganye ya rufe wani gefe na faifan sola, wurin yakan yi zafi har ya lalace. In waya ta kwance a kan batir, nan ma zafi yake taruwa, kuma yana iya jawo gobara. Na'urar tana nuna wurin tun kafin hayaƙi ya tashi. Faifan sola da rana ake duba shi, yana cikin aiki.

Na biyu, dabbobi. Hantsar saniya ko kofaton sa in ya fara kumburi, yakan fi ɗan'uwansa zafi. Sai a gwada ƙafar dama da ta hagu. In ɗaya ta fi haske, a kira malamin dabbobi tun kafin san huɗa ya gurgunce ana tsakiyar damina. Dabba da sassafe ake duba ta, a inuwa, domin rana tana ɗumama fata ta ruɗe na'urar.

Na uku, dare. Akuyar da ta ɓace cikin kara, ko kare da ya shigo garke, jikinsu yakan fito fili a hoton.

Na huɗu, injin ban ruwa. Wurin da ƙarfe yake cin ƙarfe saboda rashin mai yakan fi sauran zafi.

Abin da ba ta iyawa

A nan ya kamata a buɗe kunne. Na'urar zafin bayan abu kawai take gani. Ba ta ganin bayan katanga. Ba ta gani ta cikin gilashi. Ƙarfe mai walƙiya yana ruɗa ta. Ba ta ganin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, balle zinariya. Na'urar da masu neman zinariya suka yi ta saye tun da aka gano ta Jado a 2014, wata aba ce daban.

Kuma ba ta faɗin sunan ciwo. Zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne. In ya haura, ba na'urar za ta ce zazzaɓin cizon sauro ne ko wani abu ba. Sai an je likita an auna jini. Duk wanda ya zo kasuwa ya ce na'urarsa tana ganin ciwo cikin ciki, ko tana nuna inda za a gina rijiya, ya kuma nemi kuɗi, to macuci ne.

Hatsi ma haka. Wake ko gyaɗar da aka zuba da danshi sukan yi zafi daga tsakiya. Na'urar ba ta kai can. Manomi ya tura hannunsa cikin buhu, ya shaƙi warin rumbu. Wannan ba ya cin ko dala.

Nawa ne kuɗinta?

Da can sojoji ne suke da ita, sai masu kashe gobara da manyan kamfanoni. A 2014 kamfanin FLIR na Amurka ya fitar da ƙarama wadda ake haɗawa da wayar salula. An sayar da ita dalar Amurka 349, wato wajen jikka 170 a lokacin. Yanzu ana samun ƙanana daga wajen jikka 100 zuwa 200 a ƙasashen waje. Ban da kuɗin kawowa da na duwan. Kuma sai da babbar waya mai shafawa take aiki. Manyan na injiniyoyi kuwa sai miliyoyi.

Ke nan ba kayan manomi ɗaya ba ce. Kada mutum ya sayar da sansa ko hatsin gidansa domin ta. Mai gyaran sola ko mai gyaran injin ban ruwa shi ne zai iya mai da kuɗinsa, don kullum yana da abin dubawa. Ko kuma ƙungiyar manoma ta saya, ta damƙa wa mutum ɗaya mai amana wanda ya iya karatu da rubutu. Shi zai rubuta wanda ya ara da abin da ya biya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin a biya, a gwada. Mutum ya ɗora tafinsa a katanga mai sanyi na ɗan lokaci, ya ɗauke. In na'urar ta ƙwarai ce, shaidar hannun za ta fito a hoton.

Tambayoyi

1. Wane lokaci ya fi kyau a duba dabba da na'urar? Don me?
2. Faɗi abu uku da na'urar ba ta gani.
3. Lissafi: a ce kuɗin na'ura jikka 150 ne. Ƙungiya tana da mutum 50. Nawa kowa zai zuba?