Darasin Adabi: Me Ya Sa Tsofaffin Waƙoƙin Hip-Hop Ba Sa Tsufa?

Darasinmu na wannan makon ya taɓo abin da ake yawan musu a kansa lokacin tara. Wasu na cewa hip-hop ba komai ba ne sai hayaniya da lalacewar tarbiyya, wasu kuma duk abin da mawaƙi ya furta, sun haddace kafin a tashi daga makaranta. Ɓangarorin biyu sun manta da tambaya ɗaya da Malamin Hausa yake yi mana a kan kowace waƙa: mene ne jigonta?

Bari mu fara da asali. An haifi hip-hop a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka. A ranar 11 ga Agusta, 1973, wani matashi ɗan asalin Jamaika mai laƙabin DJ Kool Herc ya saka kiɗa a wani ɗan biki da ƙanwarsa ta shirya don ta sami kuɗin sayen kayan komawa makaranta. Ya lura mutane sun fi son wurin da murya ke tsayawa ganga ta rage ita kaɗai, sai ya riƙa maimaita wurin da faifai biyu. A kan wannan bugun ne matasa suka fara jera magana mai amsa-amo. Da farko maganar ba ta wuce kirari da yabon kai ba.

Abin ya sauya a 1982, lokacin da ƙungiyar Grandmaster Flash and the Furious Five ta fitar da “The Message”. Waƙar ta haura minti bakwai, kuma babu biki a cikinta. Ta zana unguwar talakawa yadda take: gidajen haya da suka lalace, bashi, rashin aikin yi. Baitinta na ƙarshe labarin yaro ne da ya tashi yana sha'awar masu kuɗin haram na layinsu, ya bar makaranta, ya shiga fashi, ya ƙare a gidan yari inda ya mutu. A cire sunan New York a sa na wata unguwa a Kano, wa zai ce bai san irin wannan yaron ba? A 1989 kuma KRS-One ya tara mawaƙa suka yi “Self Destruction” don roƙon matasa baƙar fata su daina kashe juna. Idan da a nan ne, da mun ce waƙar yaƙi da daba ce.

Sai Tupac Shakur, wanda har gobe ake ganin hotonsa a riguna da shagunan aski. A 1995 ya yi “Dear Mama” don mahaifiyarsa Afeni, wadda ta rene shi cikin talauci, ta kuma yi fama da shaye-shaye. Bai ɓoye aibinta ba, bai kuma daina girmama ta ba, kuma a ganina wannan ne ya sa waƙar ta rayu. Amma kada mu mai da shi waliyyi. Tupac ya yi waƙoƙin zagi da barazana masu yawa, aka kuma harbe shi a Las Vegas a Satumban 1996 yana da shekara 25 kacal. Abin lura shi ne, waƙoƙin da iyaye ke iya saurara tare da 'ya'yansu su ne suka fi daɗewa.

To ina ruwan Bahaushe da wannan? Ruwansa babba ne, domin mu ba baƙi ba ne a wannan fage. 'Yan gambara da 'yan kama sun daɗe suna jera magana mai sauri a kan kiɗa, da zambo da habaici da ban dariya. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa kaɗai ya yi wa karen mota waƙa, ya yi magana a kan mai akwai da mai babu. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin sun yi amfani da rubutacciyar waƙa wajen farkar da talakawa tun zamanin Turawa. Kiɗan ne ya zo daga waje. Al'adar faɗa wa al'umma gaskiya cikin waƙa a gida muka gaje ta.

Shi ya sa da hip-hop ya iso Nijeriya bai rasa masu wannan salon ba. Eedris Abdulkareem, wanda aka haifa a nan Kano a 1974, ya fitar da “Mr. Lecturer” a 2002 a kan malaman jami'a masu matsa wa ɗalibai mata da neman lalata kafin su ba su maki. A wancan lokacin magana ce da ake yi a ɓoye. A 2004 ya yi “Jaga Jaga” a kan taɓarɓarewar ƙasa, gwamnatin Obasanjo ta fusata, aka hana saka ta a gidajen rediyo. Hanin bai kashe ta ba, sai ma ya ƙara mata farin jini. Shekara ashirin da ɗaya bayan nan, a 2025, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta sake hana wata waƙarsa, “Tell Your Papa”.

Da harshen Hausa kuwa, sunan da ya kamata kowane ɗalibi ya sani shi ne Nazir Ahmad Hausawa, wato Ziriums. Ya yi tashe a lokacin da ake takun saƙa tsakanin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da 'yan fim da mawaƙa, waɗanda ofisoshinsu da ɗakunan ɗaukar sautinsu ke jere a Titin Gidan Zoo, tafiyar ƙafa daga Gyaɗi-Gyaɗi. Waƙarsa “Girgiza Kai” habaici ce a kan takurar da ake yi wa masu fasaha, kuma tana cikin waƙoƙi 11 da wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta a Kano a 2009. Mutum na iya goyon bayan hukumar ko mawaƙin, amma ba a haramta waƙar da ba ta da tasiri. A Senegal ma, mawaƙan rap ne da 'yan jarida suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre a 2011, suka zaburar da matasa yankar katin zaɓe, Shugaba Abdoulaye Wade ya sha kaye a 2012.

Yanzu ga amsar tambayar da ke kan darasin. Waƙar da jigonta sabuwar mota ne ko tsadar takalmi, ranar da aka daina yayin motar ita ma ta mutu. Wadda ta yi magana a kan yunwa, zalunci, uwa, ko yaron da ya ɓata, tana nan muddin waɗannan abubuwa suna nan. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC da aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, amma shaye-shaye da ƙwacen waya ba su bar unguwanninmu ba, daga Tarauni har Babban Giji. Dalili na biyu shi ne gwaninta. Wa'azi zalla a kan kiɗa ba ya kama zuciya. Sai an haɗa da labari, da hoto cikin bayani, da amsa-amon da ba a tilasta shi ba. Da yawan masu tasowa yanzu niyyarsu mai kyau ce, sai dai suna tara kalmomi masu ƙarewa da “-wa” ba tare da sun ce komai ba.

Aikin gida ga mai sha'awa: ka zaɓi waƙa ɗaya daga cikin waɗanda kake ji a gida, ka rubuta baitocinta a takarda ba tare da kiɗan ba, ka fitar da jigonta da salonta kamar yadda muke yi wa waƙoƙin jarrabawa. Ka duba ko za ka iya karanta ta a gaban Mama ko a gaban Malam. Wanda kuma ke jin yana da basira, ya rubuta baiti takwas a kan wata matsala ta unguwarsu, ban da zagi ko ambaton sunan kowa, ya jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa uku da suka fi kyau a wannan allon mako mai zuwa, in sha Allahu.