Ɓawon Fara Ba Shara Ba Ne

Masu suyar fara su kan cire fukafukai da ƙafafu su zubar. Haka kuma masu kiwon tsutsar ƙuda don abincin kaji su kan share ɓawon da ta bari. To, wannan hasara ce.

A cikin ɓawon nan akwai wani abu mai tauri da a ke kira kaitin. Wani Bafaranshe, Odier, ya same shi a jikin ƙwaro cikin 1823. A masana'anta a kan jiƙa ɓawon a ruwan asid, allin da ke ciki ya narke, sa'an nan a dafa da sodar sabulu, sauran nama ya fita. Abin da ya rage shi ne kaitin. Da shi a ke yin abin tace ruwa da na ɗaure rauni.

Amma manomin Zurgu ba sai ya jira masana'anta ba. Ya shanya ɓawon, ya daka, ya gauraya da taki, ya binne a lambu 'yan makonni kafin dashe. Ƙananan halittun ƙasa masu cin kaitin za su yawaita, su far wa ƙwan tsutsar da ke sa saiwar tumatir ƙulu-ƙulu, gama shi ma ƙwan da kaitin a ɓawonsa.