Haƙƙin Wanda Ake Bi Bashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma yanzu akwai masu ba da rance ta wayar hannu waɗanda, da zarar ranar biya ta wuce, sai su dami mutum da kira dare da rana, har su aika wa danginsa saƙo cewa ɓarawo ne. Ya wajaba Musulmi ya san abin da ke kansa, da abin da yake haƙƙinsa.

Abin da ke kansa shi ne biya. Hadisi ya tabbatar da cewa jinkirin mai hali zalunci ne, saboda haka ɓuya da musun bashi ba su halatta ba. Wani mutum ya taɓa kausasa wa Manzon Allah (S.A.W.) harshe kan bashin raƙumi, sahabbai suka yunƙura masa. Sai ya hana su, domin mai haƙƙi yana da bakin magana, kuma ya biya shi da raƙumin da ya fi nasa.

Sai dai bakin magana ba izinin cin mutunci ba ne. Aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ta wajabta a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. Ibnu Abi Zaidin ya bayyana cikin Risala cewa ba a tsare wanda ba shi da komi. Kuma ba a bin ɗan'uwa ko maƙwabci, sai wanda ya tsaya lamuni. Dokar 'Yan Sandan Nijeriya ta 2020 ma ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai, ko kama wani a madadinsa.

To, idan aka kira shi, sai ya amsa da ladabi, ya tambayi sunan mai kira, ya nemi lissafin bashin a rubuce, ya faɗi abin da zai iya biya, ya karɓi rasit. In an yi masa barazana, ya adana saƙonnin, ya kai ƙara kotu ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya. Gaba kuma ya nisanci rancen riba, don shi ne tushen wannan wulakanci.

Allah Ya yaye wa kowa nauyin bashi, amin.