Yadda Ake Saka Katangar Tsaro a Tsakiyar Layin Intanet Ba Tare da An Canza Adireshi Ba

A ranar 3 ga Satumbar 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layukansu a faɗin jihar Zamfara. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, amma ƙananan hukumomi irin su Anka, Gummi da Bukkuyum sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar buɗe musu. Duk wanda sana'arsa ta dogara da intanet a yankin bai manta da watannin nan ba. Shi ya sa tun da Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, masu shagon kwamfuta suke ganin sa a matsayin mafita: a kafa faranti a kan rufi, a yi aikin shago da shi, a kuma sayar wa matasan unguwa Wi-Fi don a rage kuɗin wata.

Matsalar tana nan ne a wannan rabawar. A ɗauki misalin shago a cikin garin Anka, inda mutumin Tungar Daji ko Bagega yake zuwa a cire masa takardar NIN, a cike masa fom, ko a yi wa ɗansa rajistar makaranta. Kwamfutar shagon cike take da hotunan mutane, lambobinsu da takardunsu. A gefe guda kuma samari ashirin suna zaune a benci da wayoyinsu, duk a kan rauta ɗaya da wannan kwamfutar. A idon rautar duk ƴan gida ɗaya ne. Wanda ya saukar da manhajar leƙa na'urorin da ke kan Wi-Fi, irin su Fing, cikin minti ɗaya zai ga kwamfutar, ya ga firinta, ya ga na'urar ajiye bidiyon kyamara. Idan an bar wata folda a buɗe, ko kyamarar tana nan da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, sai dai a ce Allah ya kyauta.

Mutane da yawa suna jin tsoron ɓarawon da zai shigo daga wata ƙasa. A ƙaramin tsarin Starlink wannan ba shi ne na gaba ba, domin kwastomomi da yawa ne suke raba adireshin IPv4 ɗaya, kuma na waje ba ya samun hanyar ƙwanƙwasa ƙofa kai tsaye. Na kan benci ya fi shi kusa.

Tasha da shingen bincike

Katangar tsaro, wadda masu harkar suke kira fayawol, tana aiki ta hanya biyu. Ta farko kamar tashar mota ce: fasinja ya sauka daga wannan motar ya shiga wata. Katangar tana da adireshinta, tana raba wa na'urorin bayanta sababbin adireshi, komai sai ya sauka a wurinta. Wannan yana da kyau, sai dai wanda ya saka ta a shagon da ya daɗe yana aiki zai sake saita firinta, kyamara da duk abin da aka ba wa adireshi na dindindin. Wanda ya haɗa su tun farko wataƙila yana Sakkwato, kuma ba ya ɗaga waya.

Ta biyu kamar shingen jami'an tsaro ce a hanyar Anka zuwa Gummi. Mota ba ta canza lamba, fasinja ba ya sauka, hanya ɗaya ce ta shigo ta fita. Ana dai duba kaya, a ce wannan ya wuce, wancan ya tsaya. A nan ana ɗaukar kafofi biyu na katangar a haɗa su tagwaye: abin da ya shiga ta ɗaya sai ya fita ta ɗayar, in dokar da aka rubuta ta yarda. Tagwayen ba su da adireshin IP, saboda haka rauta da kwamfuta suna ganin kamar kebul ne kawai a tsakaninsu.

Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa abin. Cisco a na'urorinsa na Firepower yana ce masa inline set, Palo Alto Networks suna cewa virtual wire, Fortinet kuma virtual wire pair. Na Cisco an yi shi ne musamman don injin Snort, wanda Martin Roesch ya rubuta a 1998, Cisco kuma ya mallake shi da ya sayi kamfanin Sourcefire a 2013. Waɗannan kayan bankuna ne da manyan ma'aikatu, kuɗin lasisinsu kaɗai ya isa ya tayar da shago. Abin da ya dace da aljihun mai shago shi ne MikroTik, ɗan ƙasar Latbiya, wanda masu sayar da Wi-Fi a Najeriya sun daɗe da saninsa. Ƙaramin samfurinsa hEX yana da kafofi biyar, kuma yana aiki da 12V. Shi gada yake haɗawa, wadda take koyon adireshin MAC na na'urori kamar yadda suwic yake yi, abin da tagwayen Cisco ba sa yi. Ga mai shago dai sakamakon ɗaya ne.

Inda za a dasa shi

Nan ne ake yawan kuskure, kuma ya fi umarnin da za a rubuta muhimmanci. Shinge ba ya duba motar da ba ta bi ta gabansa ba. Idan aka saka katangar tsakanin rauta da kowa da kowa, wayoyin kwastomomi da kwamfutar shago suna nan a ɓangare ɗaya, suna magana da juna ba tare da ta sani ba. Daidai shi ne a raba gida biyu. Ɓangaren waje: rautar Starlink ko ta 4G, da Wi-Fi ɗin da ake sayarwa. Ɓangaren ciki: ƙaramin suwic da aka jona kwamfutocin aiki, firinta da na'urar kyamara. Kebul daga rauta ya shiga ether4, wani kebul daga ether5 ya tafi suwic ɗin ciki. Mai tsohuwar rautar Starlink wadda ba ta da kafar kebul sai ya nemi adaftarta, sabuwar kuwa tana zuwa da kafofi biyu.

Sannan a kashe Wi-Fi na kwamfutocin ciki gaba ɗaya. Laftof ɗin da ke jone da kebul kuma yana kan Wi-Fi ɗin kwastomomi ya zama ɓarauniyar hanya, an gina katanga an bar ƙofar baya a buɗe.

Saitin kansa

Kafin komai a jona ether1 da intanet a sabunta RouterOS, a kuma sa wa akwatin kalmar sirri mai ƙarfi. A 2018 an gano wata ɓaraka a Winbox da aka bi aka shiga ɗimbin na'urorin MikroTik da ba a sabunta ba, don haka wannan matakin ba na tsallakewa ba ne. Bayan nan a cire kebul ɗin ether1, a jona laftof a ether2, a buɗe Winbox a shiga 192.168.88.1. Wannan kafar ita ce za ta zama ta mai gida, kada a sa ta cikin tagwaye. A danna Safe Mode, domin in wani umarni ya yanke haɗin, akwatin zai koma yadda yake da kansa.

Daga kamfani ether2 zuwa ether5 duk suna cikin gada ɗaya, sai an fara cire biyun da ake so:

```
/interface bridge port remove [find interface=ether4]
/interface bridge port remove [find interface=ether5]
/interface bridge add name=gada protocol-mode=none
/interface bridge port add bridge=gada interface=ether4 hw=no
/interface bridge port add bridge=gada interface=ether5 hw=no
/interface bridge settings set use-ip-firewall=yes
```

Abu biyu ne a nan suke sa mutum ya kwana yana neman laifin da ba ya gani. Na farko hw=no. A cikin akwatin akwai wani guntu mai aikin suwic wanda yake miƙa fakiti daga kafa zuwa kafa ba tare da ya kai su wurin ƙwaƙwalwar na'urar ba. In aka bar shi yana aiki, intanet zai yi gudu, dokoki kuma suna nan a rubuce ba abin da ya taɓa su. Na biyu shi ne layin ƙarshe, wanda yake tilasta wa abin da ya bi ta gada ya je gaban dokokin IP. In babu shi, gadar kebul ce kawai mai cin wuta.

Sai dokoki. Saitin kamfani ya riga ya zo da dokar da take barin amsar duk hirar da aka riga aka fara ta wuce, wato in kwamfutar ciki ta nemi shafin JAMB, amsar za ta dawo mata ba matsala. Abin da ya rage shi ne a hana na waje fara magana da na ciki:

```
/ip firewall filter add chain=forward protocol=udp dst-port=67,68 action=accept
/ip firewall filter add chain=forward in-bridge-port=ether4 connection-state=new action=log log-prefix=waje
```

Dokar farko ta DHCP ce, hanyar da rauta take ba wa na'ura adireshi. Kwamfutar da aka kunna yanzu ba ta da adireshi, sai ta yi shela ga kowa, rauta ta amsa. Katanga ba ta ɗaukar wannan amsar a matsayin ci gaban hira, tana ganin ta kamar baƙo daga waje. Wanda ya manta da dokar nan zai ga komai lafiya a ranar da ya yi saitin, washegari da aka kunna kwamfutoci babu mai intanet, ga adireshi mai farawa da 169.254, alamar ba wanda ya amsa musu.

Doka ta biyu a yanzu rubutawa kawai take yi, ba ta tare komai. Da gangan ne. A bar ta kwana ɗaya ko biyu, a riƙa duba Log ana ganin su wane ne suke taɓa ɓangaren ciki, kuma ta wace ƙofa. Manyan na'urorin Cisco ma suna da irin wannan, tap mode, inda ake kallon kwafin zirga-zirga kafin a fara tarewa. A cikin jerin za a ga hayaniya mai yawa ta wayoyi masu neman talabijin ko firinta, wannan ba komai ba ne. Abin lura shi ne ƙofa 445 ta raba fayil a Windows, da 3389 ta sarrafa kwamfuta daga nesa. Ta 445 WannaCry ya bi a Mayun 2017 ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, kuma har yau shaguna da yawa da shi suke aiki, saboda tsohon firinta ko ƙarancin ƙwaƙwalwa.

Idan an gamsu, sai a mayar da action=log zuwa action=drop. In mai shago yana son wayarsa ta riƙa kallon kyamara daga benci, sai ya ba wayar adireshi na dindindin, ya rubuta dokar accept mai ɗauke da adireshin wayar da na na'urar kyamarar, ya ja ta sama da dokar drop, domin daga sama zuwa ƙasa ake karanta dokoki, kuma wadda ta fara dacewa ita ke aiki. Wannan rangwamen yana da rauni, wanda ya san adireshin zai iya ara lokacin da wayar ba ta nan, saboda haka kalmar sirrin kyamarar ma sai an canza ta.

Duk dokokin nan na IPv4 ne. Starlink yana ba da IPv6, kuma nasa dokokin a wani wuri daban suke. Wanda ba ya son shiga wannan dajin zai iya cire alamar IPv6 a saitin katin sadarwar kwamfutocin ciki, aikin shago zai tafi yadda ya saba.

Ranar da wuta ta ɗauke

Tunda komai ta cikin akwatin yake bi, in ya mutu layin ciki ya yanke. Wasu manyan na'urori suna da makunni a ciki wanda da zarar wuta ta ɗauke yake haɗe kafofin biyu su zama kebul ɗaya. hEX ba shi da wannan. A yankin da sola da inbata ne suke riƙe da shago, a jona shi a wuri ɗaya da rauta, su rayu tare su mutu tare. A kuma ajiye ɗan mahaɗin kebul a durowa: in akwatin ya lalace ana tsakiyar rajista, a cire kebul biyun a haɗe su, aiki ya ci gaba. Da yake ba a taɓa adireshin kowa ba, ba wani saiti da za a sake. Sai dai a tuna a wannan lokacin babu mai gadi.

Kada kuma a kuskura a jona ether4 da ether5 a suwic ɗaya. Fakiti za su yi ta zagaye ba iyaka har layin ya cushe, fitilu suna ƙyaftawa kamar na gidan biki, kowa ya rasa intanet. A manna takarda a kan kowane kebul, a rubuta waje da ciki, saboda yaron shago da zai yi shara.

Gwajin ƙarshe da waya ake yin sa. A hau Wi-Fi ɗin kwastomomi a buɗe Fing. Sunayen na'urorin ciki za su iya bayyana, wannan kada ya tayar da hankali, domin tambayar wa ke da wannan adireshin ta ARP ce, kuma ba ta bi ta dokokin IP. A gwada buɗe adireshin firinta ko na kyamara a burauza: ya kamata ya yi ta juyawa har ya gaji. Daga nan a koma Winbox a duba lambar fakiti da ke gefen dokar drop. In tana ƙaruwa, shingen yana aiki. In tana nan a sifili, a koma a duba hw=no, sannan a tabbata kebul ɗin rauta a ether4 yake.