Mai Hidima Ma Yana Bukatar Hutu

Sa'a 168 ce a cikin mako. Ba a ƙara wa fasto ko ɗaya ba, ba a kuma rage wa mai tuyar ƙosai ba. Malalaci an sha yi masa wa'azi, yau ba da shi muke ba. Da mai himma muke.

Akwai wata uwa a ikilisiyarmu, ba sai na kama suna ba, kowace majami'a tana da irinta. Da asuba tana wurin addu'ar safe, ta dawo ta hura wuta, ta sallami 'yan makaranta, ta nufi kasuwa. Talata Zumuntar Mata, Laraba nazarin Littafi, Alhamis koyon waƙa, Juma'a kwanan addu'a, Asabar sharar majami'a. In an yi aure ko rasuwa, ita ce a bakin murhu. In ka ce, "Mama, ki ɗan huta mana," sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ɗana, hutu sai a sama." Kai ya sara, ta aika kemis a sayo farasitamol. Wata Lahadi ana tsakiyar waƙa jiri ya kwashe ta. A asibiti aka auna, aka ce hawan jini ne, ya daɗe yana cin ta. Wata uku tana jinya. Aikin da take ganin ba mai iyawa sai ita, mata huɗu suka raba, ba abin da ya tsaya.

Wannan ba sabuwar cuta ba ce. A Fitowa sura 18, Yetro ya tarar da surukinsa Musa yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai tun safe har yamma. Bai yaba masa ba. Shawara ya ba shi ya naɗa amintattun mutane a kan dubu, da ɗari, da hamsin, da goma, manyan ƙararraki kaɗai su riƙa zuwa gabansa. Musa kuwa ya ji maganar babba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Iliya, a 1 Sarakuna sura 19. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, ga shi saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa ya tsere. Ya wuce Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zube a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Me Ubangiji ya yi masa? Bai tsawata masa ba, bai ɗora masa azumi ba. Barci aka bar shi ya yi. Mala'ika ya tashe shi, ga gurasa da tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Aka sāke tashinsa, ya sāke ci. Maganar aiki ba ta taso ba sai da ya kai Horeb. Yesu ma, a Markus sura 6, da ya ga almajiransa ba su samun ko sararin cin abinci, janye su ya yi zuwa wurin da ba kowa.

To, ɗauki takarda da biro ka rubuta makonka, ka fara da barci: baligi yana bukatar sa'a 7 zuwa 8, waya kuwa a ajiye ta nesa da matashi. Cikin ƙungiyoyin majami'a zaɓi ɗaya ko biyu ka riƙe da gaske, taura biyu ma da ƙyar take taunuwa. A riƙa zuwa awon jini ko ana jin garau, gama hawan jini sau da yawa ba ya sallama. In ma'auni ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, a ga likita, a rage gishiri da ɗanɗano a miya.

Ku kuma dattawan ikilisiya, akwai naku kason. Taron da aka sa ƙarfe huɗu aka fara ƙarfe biyar, in mata arba'in ne suka zo kan lokaci, sa'a arba'in ke nan aka cinye musu. Su ne kuma za su koma gida da magariba su ɗora tukunyar tuwo.